Aswan: ka kama ɗaki ɗaya ka zaga kudancin Masar

Duk mai niyyar zuwa kudancin Masar ni dai shawarata ya yada zango a Aswan, ya ajiye jakarsa wuri ɗaya kullum ya fita ya dawo, ya huta da ɗaure kaya da kwance kaya. Garin a bakin kogin Nilu yake, jirgin ƙasa na kwana daga Alƙahira zai sauke ka a tsakiyar gari. Wuraren tarihin da ake zuwa gani suna kewaye da shi: Kom Ombo bai wuce kilomita 50 ba, Edfu wajen 100, Abu Simbel kuma wajen 280 can kudu dab da iyakar Sudan, duk ana zuwa a dawo a yini.

To amma maganar masauki fa sai an nutsu. Ɓangaren gabas nan ne tasha da kasuwa da otal-otal jere a bakin ruwa, komai kusa, sai dai hon ɗin motoci har dare. Tsakiyar kogi kuma ga tsibirin Elephantine inda Nubiyawa, 'yan asalin yankin, ke da gidajen baƙi, babu mota ko ɗaya, lunguna ne kawai da itatuwan dabino, wallahi ni can hankalina ya fi kwanciya, da yamma ka hau saman gida kana kallon jiragen faluka iska na tura su ba ƙarar inji. Matsalar ɗaya ce, duk fitar da za ka yi sai ka tsallaka ruwa. Motocin Abu Simbel yawanci wajen ƙarfe 4 na asuba suke tashi don a isa kafin rana ta yi zafi, kuma ba za su zo tsibiri su ɗauke ka ba. Saboda haka kafin ka biya ko sisi ka tambayi mai gidan, wa zai ƙetarar da ni a wannan lokacin, kuma kuɗin kwale-kwalen yana cikin na ɗaki ko daban? In ya fara kame-kame nemi wani gidan.

Ka tambayi na'urar sanyaya ɗaki ma, don daga Yuni zuwa Agusta zafi na haura digiri 40. Wanda zai iya ya bari sai tsakanin Nuwamba da Fabrairu.

Tashin asubar nan kuwa ba asara ba ce. Gine-ginen Fir'auna Ramses na biyu da za ka gani a Abu Simbel yanka su aka yi gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta jagoranci aikin, aka sake haɗa su a kan tudu don kar ruwan babbar madatsar Aswan ya shanye su. Haka aka yi wa tsohon wurin bauta na Philae, aka mayar da shi tsibirin Agilkia, shi kam kusa yake da gari, ka bar shi sai ranar da gajiyar hanya ta kama ka.