Inda na kai a aikin gane katsewar kira a layin analog

Assalamu alaikum, 'yan uwa abokan koyo. Ga bayanin inda na kai a ƙaramin akwatin rarraba kira na ofis da nake haɗawa da Asterisk, manhajar sarrafa kiran waya, da kati mai ƙofar FXO, wato ƙofar da ake cusa layin waje a cikinta. Kira yana shiga kuma yana fita lafiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan mai kira daga waje ya ajiye wayarsa, akwatin ba ya sani, sai ya ci gaba da riƙe layin, duk wanda ya bugo ya ji layi a cike, ma'ajiyar saƙon murya kuma ta cika da dogon naɗi wanda babu komai a cikinsa sai ɗit, ɗit, ɗit.

Asalin matsalar shi ne layin analog igiyoyin tagulla biyu ne kawai, ba shi da wata hanya ta daban da ake aiko sanarwar an gama magana kamar yadda tsarin waya na dijital irin su ISDN da SIP suke da ita. Dole ne akwatin ya tsinci alama daga wutar layin ko daga sautin da ke cikinsa, kuma kowane kamfanin waya da irin alamar da yake bayarwa. Saboda haka shawarata ita ce kada ku taɓa saiti ko ɗaya sai kun ga da idonku abin da layinku yake yi a daidai lokacin da ɗaya ɓangaren ya ajiye.

A Amurka da Kanada yawanci cibiyar waya takan ɗauke wutar layin na ɗan abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma ita ce alamar da Asterisk yake jira idan aka sa fxsks a saitin DAHDI, wato manhajar da ke haɗa Asterisk da katin waya. Ku lura, FXS ita ce ƙofar da ake cusa tarho a cikinta, amma ƙofar FXO da siginar FXS take aiki, shi ya sa sunan saitin ya fara da fxs, wannan kuwa yana rikita masu farawa da yawa. Gwajin wannan alamar ba ya buƙatar kayan tsada. Ku samo tarho mai maɓallan da suke haske da wutar layi, ku sa wani ya kira ku sannan ya ajiye, ku zuba wa maɓallan ido. Idan hasken ya ɗauke ya dawo, alamar tana nan. Mitar auna wuta mai lambobi ba ta da saurin kama wannan ƙiftawar, gara mai allura.

Wasu layukan kuma juya kan wutar suke yi, wato igiyar da ke da alamar ƙari ta koma ragi, ta ragi ta koma ƙari. Layin da ba a ɗaga ba yana nuna kusan bolt 48, idan an ɗaga ya sauko ƙasa sosai, kuma wannan juyin mita tana kama shi, domin alamar ragi takan bayyana ko ta ɓace a gaban lambar. Saitinsa shi ne hanguponpolarityswitch, amma a yi hattara, domin akwai layin da yake juyawa har lokacin da aka amsa, sai kira ya riƙa yankewa da zarar an ce sallama.

Layina bai yi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Daga akwatin GSM mai katin SIM yake fitowa, irin wanda ofisoshi da dama a nan suke dogaro da shi tunda layin ƙasa ya yi ƙaranci. Maɓallan ba su ƙifta ba, mita ba ta sauya ba, sautin layi a cike kaɗai yake turowa. Na kunna busydetect=yes, saitin da ke sa Asterisk ya saurari wannan sautin, na naɗi sautin da manhajar dahdi_monitor, sannan na buɗe shi a Audacity, manhajar gyaran sauti, a matsayin ɗanyen sauti mai samfur 8000 a daƙiƙa da bit 16. A allon sai ga tubala a jere, kowane da tazara daidai wa daida. Da na auna, sautin ya kai hatz 450, milisakan 350 yana ƙara, 350 yana shiru, wanda shi ne tsarin ƙasar Sin. Ya bambanta da na Amurka, mai haɗa 480 da 620 a kan 500 da 500, da na Ingila, mai 400 a kan 375 da 375, da kuma 425 da yawancin Turai suke amfani da shi. Ashe sautin da akwatin GSM yake fitarwa yana iya bin ƙasar da aka ƙera shi, ba ƙasar da ake aiki da shi ba, kuma duk wanda ya kwafo lambobi daga jadawalin ƙasashe ba tare da aunawa ba zai daɗe yana wahala.

Na sa busypattern=350,350, layin ya fara sakin kansa. Batun busycount, wato sau nawa akwatin zai ji sautin kafin ya saki layi, shi ne ya fi buƙatar nazari. Asalinsa 3 ne, kuma a haka akwatin yana iya ɗaukar muryar mutum ko kiɗan jira a matsayin sautin katsewa ya yanke magana ana tsakiyarta, abin da a ganina ya fi riƙe layi muni, domin abokin ciniki zai zaci da gangan aka kashe masa. Na mayar da shi 6, wanda ke nufin jiran kusan daƙiƙa 4 da ɗan ɗori kafin layin ya saku, kuma na yarda da wannan jinkirin.

Na kuma sa maxsilence da maxsecs a saitin saƙon murya, masu iyakance tsawon shiru da tsawon naɗi, da TIMEOUT(absolute) a tsarin kira, mai iyakance tsawon kira gaba ɗaya, domin ko alamar ta kuɓuce layin ba zai kwana a riƙe ba. Abin da ke gabana yanzu shi ne daidaita rxgain, wato ƙarfin sautin da ke shigowa, saboda sautin yana shigowa da ɗan rauni, kuma ina son in tabbatar ƙara masa ƙarfi ba zai jawo amsa-kuwwa a cikin magana ba. Wanda layinsa yake juya kan wuta, don Allah ya faɗa mana abin da mitarsa ta nuna lokacin amsawa da lokacin ajiyewa.