Harajin AMT na Amurka da abin da dokar 2025 ta canza

Yawancin 'yan'uwanmu na unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi da ke zaune a Bronx ta birnin New York suna tuƙin tasi ko kula da tsofaffi, kuma da wuya harajin da ake kira AMT (Alternative Minimum Tax, wato mafi ƙarancin harajin da dole mai babban samu ya biya) ya shafe su. Amma likitoci da injiniyoyin kwamfuta da suka tashi a gidajen zangon Kumasi sun fara samun kuɗin da ya wajabta musu saninsa.

A 1969 sakataren baitulmalin Amurka, Joseph Barr, ya shaida wa majalisa cewa masu hali 155 da ke samun sama da dala 200,000 ba su biya ko sisi na harajin tarayya ba a 1966, saboda rangwamen da doka ta ba su. Daga nan aka kafa harajin da ya rikiɗe ya zama AMT: mutum ya lissafa harajinsa yadda aka saba, ya sake lissafawa ba tare da yawancin rangwamen ba a kan kashi 26 ko 28 cikin ɗari, sannan ya biya wanda ya fi yawa. Akwai adadin da ake yafewa kafin lissafi na biyu, sai dai shekaru da dama ba a ɗaure shi da tsadar rayuwa ba, har tarkon da aka ɗana wa attajirai ya riƙa kama miliyoyin ma'aikata. Sai a Janairun 2013 aka gyara wannan.

Wata dokar haraji ta 2017 ta ɗaga adadin da ake yafewa zuwa dala 70,300 ga mutum ɗaya da 109,400 ga ma'aurata, na wucin gadi. Wadda Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta mayar da ƙarin na dindindin, amma ta ɗaure ta wani gefen. Daga 2026 yafewar za ta fara raguwa da zarar samu ya haura dala 500,000 ga mutum ɗaya ko miliyan ɗaya ga ma'aurata, kuma kowace dala ta sama za ta cinye santi 50 na yafewar maimakon 25. Mazauna New York su lura cewa harajin jiha ba ya cikin abin da ake cirewa a lissafin AMT.

Abin da ya fi damuna, a matsayina na mai karɓar albashi a Kumasi, shi ne wancan kuskuren na rashin ɗaure adadin da ake yafewa da tsadar rayuwa, domin mu ma a Ghana muna cikinsa. A jadawalin harajin albashi na 2024 sidi 490 kawai ake yafe wa ma'aikaci a wata, alhali hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disambar 2022. Idan aka ƙara wa malamin makaranta albashi don ya iya sayen masara da gawayi, haraji yakan ɗauki ƙarin kamar arziki ne ya ƙaru. Ina ganin ya kamata majalisarmu ta rubuta a doka cewa wannan adadi zai riƙa bin farashin kasuwa kowace shekara, ba sai an jira kasafin kuɗin da ministan kuɗi ya ga damar tunawa da shi ba.