Shekara shida a lakwal, da ranar Asabar ɗin da har yau ban manta ba

Jiya na miƙa makullin kabad, na kwashe 'yan takarduna cikin buhu na ɗaura bayan moto, shekara shida ke nan ina koyar da Faransanci da tarihi a lakwal ɗin nan. Waɗanda muka yi aiki tare kun san wurin kun san mai shi, ba sai na kama suna ba. Wasu sun ce in rubuta wani abu na ban kwana, to gaskiya in na zauna ina tuna shekarun nan abu ɗaya ke fara zo mani a rai, maganar sine-kulob ɗin, wato kulob ɗinmu na kallon fim, da aka rufe a shekarata ta huɗu, wadda har yau akwai mutane a garin nan da suka ji labarinta a baibai.

Ni son tsohon fim tun ina yaro a unguwar Bagalam nan Maradi na same shi. Gidan bidiyo na zana, benci, dala biyar kuɗin shiga, Indiya da karate kullum, amma in azumi ya kama mai gidan sai ya sa Ar-Risala. Na gan shi ya fi sau goma kafin in kai kwalej. Abin da ban lura da shi ba a lokacin, kuma shi ne ya zo ya kada ni daga baya, a ɗakin nan ba a taɓa rasa babba ba. Kullum akwai wani dattijo ko wani ɗalibin zaure a gefe yana cewa yara ku yi shiru, wancan mai doki Hamza ne baffan Annabi, wancan Abu Jahali ne, wancan da aka ɗora wa dutse a ƙirji Bilalu ne, Annabi (S.A.W) ba a nuna shi. Na girma ina zaton fim ɗin ne ya koya mani haka da kansa, ashe bakin mutanen da ke zaune kusa da ni ne.

Ga wanda bai san shi ba, fim ne na 1976, Mustafa Akkad mutumin Halab ta Siriya ya shirya shi, aka fara ɗauka a Maroko aka ƙarasa a Libiya, kuma iri biyu ya yi a lokaci guda, na Larabci da 'yan wasan Larabawa, na Ingilishi da wasu daban. A na Ingilishin Anthony Quinn ne Hamza, Johnny Sekka haihuwar Dakar shi ne Bilalu, kuma shi aka juya da Faransanci, shi ne nake da shi a kwamfuta. Abin da ya sa nake girmama fim ɗin nan har gobe ba yaƙin Badar ba ne ba dawakai ba ne, abin da ya ɓoye ne. Kusan awa 3 ana ba da tarihin Manzon Allah amma ba fuska ba murya ba ko inuwa, sai dai ka ga sahabbai sun juyo suna kallon kamara suna magana, a yi shiru, ɗan kiɗa ya taso a hankali, sannan wani ya maimaita abin da aka ce masu. Raƙumarsa za ka gani, sandarsa za ka gani. Sayyadina Aliyu ma ba a nuna shi, bakin takobinsa Zulfiƙar kawai ke shigowa hoto ranar Badar. Ni a wurina wannan kunya ce da ladabi aka koya wa kamara, kamar yadda mu nan ɗiya ba ta kama sunan surukinta, ba don ba ta san shi ba sai don girmansa. Ka dubi na Amurka na 1956 da aka yi kan Annabi Musa, can Charlton Heston ne tsaye da gemu da sanda kowa na kallon fuskarsa, har murya aka sa tana hitowa daga cikin wutar itaciya. Su a al'adarsu ba laihi ba ne. Akkad ya san inda ya hito, ya ɗauki hanyar da ta fi wuya.

To wannan nake so yara su gani. Na rubuta tsarin fina-finan watanni uku na kai wa darakta, ya karanta gabana, ya ce madalla, ya sa hannu a takardar jikka 3 ta esans ɗin gurup, injin ba da wuta, sunan fim ɗin na rubuce a kanta ɓaro-ɓaro.

Ranar Asabar ce da rana, yara sun kai 120, mafi yawa 'yan siziyam da sankiyam waɗanda Faransancinsu bai gama nuna ba. Kuran ya ɗauke tun kafin mu fara, muka tada gurup, na danna fim, ko minti biyu ba a yi ba gurup ya fara tari, sai na ruga waje ni da mai gadi. A farkon fim ɗin akwai rubutu da ke cewa saboda girmama koyarwar Musulunci ba za a nuna Annabi ba. Rubutu ne, ya wuce a allo, ba wanda ya karanta masu, ni ina can durƙushe ina fama da buji. Da muka shawo kansa kuma na ga esans ba zai kai mu ba sai na hau moto na tahi wurin 'yan ruwa-ruwa. Kafin in dawo in zauna an ci kusan awa guda, Hamza ya riga ya shigo kan doki da fatar zaki, ya bugi Abu Jahali, kowa a fim ɗin na ja masa baya. Yaro ɗan shekara 12 da aka ce masa zai ga fim ɗin Annabi, wa zai ɗauka wannan mutum ne?

Na tsaya bayan sal ina jin daɗi don ban taɓa ganin yaran nan sun yi tsit haka ba. Da aka zo Uhudu, Wahshi ya jefa mashi Hamza ya faɗi, wata yarinya ta ƙwalla salati ta fashe da kuka, wasu suka kama. Wallahi a raina cewa na yi fim ya shige su. Da aka gama magariba ta gabato, tattaunawar da na shirya yi ban yi ba, na ce kowa ya tahi gida kar iyaye su damu. Tambaya ɗaya da na yi masu, wa kuka ga an kashe, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba.

Kafin la'asar ɗin Lahadi vokal ya fara yawo a WhatsApp, wai a lakwal kaza wani mushe, wato malamin lakwal, ya nuna wa yara fuskar Annabi, Bature ne ya hito a matsayinsa, har an soke shi da mashi. Matata ce ta fara ji a gurup ɗin 'yan uwanta ta miƙo mani waya hannunta na rawa, tana da ciki wata bakwai lokacin. Litinin da safe ƙofar lakwal cike da iyaye, kuma ni ban ga laihinsu ba ko kaɗan, ni ma in ɗana ya zo mani da wanga labari ba zan zauna gida ba.

Wanda na ga laihinsa darakta ne. Ya tara su a hili, ya sa aka kira ni na tsaya gefe kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa, ya ce, "Wallahi iyayena ban san da wannan fim ba, yaron nan gaban kansa ya yi." Yaro, ni da ke da 'ya'ya uku. Ya rantse, takardar da ya sa wa hannu tana cikin jakata a rataye a kafaɗata. Ban hiddo ta ba. Na daɗe ina gaya wa kaina wai don kar wuta ta kama lakwal ɗin abokan aiki su rasa abinci ne, akwai wannan, amma akwai tsoro ma, haihuwa na tahe ga kuɗin haya. Aka dakatar da ni sati biyu ba albashi, aka rufe kulob. Da na same shi a buro daga baya na ce ranka ya daɗe ai kai ka sa hannu, sai ya ce mani in yi haƙuri, dole wani ya ɗauka, kuma lakwal ta fi mutum ɗaya. Bai taɓa cewa ya yi mani ba daidai ba, har jiya da muka yi sallama.

Wanda ya kashe wutar limamin unguwar ne, tsoho, Allah ya ƙara masa lahiya. Rana ta uku na ɗauki kwamfuta na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na ce Allah gafarta malam ni ne malamin da ake magana, ga abin da na nuna, a duba in na yi saɓo a gaya mani. Bai ce komi ba ya gyara tabarau. Na nuna masa rubutun farko na fassara masa, na nuna masa inda ake magana da kamara, na nuna masa faɗuwar Hamza. Da muka zo wurin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi sarkin Habasha yana kawo abin da Suratu Maryam ta ce kan Annabi Isa da mahaifiyarsa, sarki Kirista ya sauko ya ja layi a ƙasa ya ƙi ba da Musulmin da suka zo neman mafaka, malam ya ce in maido baya. Sau biyu muka kalle shi. Sannan ya yi shiru, ya ce ka san ranar Uhudu ma haka aka yi, aka yi shela an kashe Manzon Allah alhali yana raye, har wasu suka saki makamai, a kan haka aya ta 144 ta Ali Imrana ta sauka. Jikina ya yi sanyi, ban taɓa haɗa biyun ba.

Amma bai sake ni haka ba. Ya ce, "Ɗana, kai ka san Hamza, su ba su san shi ba. Ka ajiye wa yara tuwo da zahi ka tahi ka bar su." Ya kuma ce in sani akwai malamai da yawa da ba su yarda ko sahabbai a kwaikwaya ba, balle Hamza shugaban shahidai, shi kansa da an tambaye shi da ba zai ce a nuna wa ƙanana ba. Nan ni da shi mun ɗan bambanta, har yanzu ina ganin yaro da ya ga Bilalu kwance cikin rana da dutse a ƙirji yana cewa Ahad Ahad, sannan ya gan shi a ƙarshe ya hau Ka'aba yana kiran salla, ya fahimci abin da awa goma na darasin tarihi ba za su ba shi ba. Sai dai ban yi masa gardama ba, don maganar tuwon gaskiya ce tsantsa. Daren nan bayan isha'i ya yi wa jama'a bayani, abin ya lafa. Vokal ɗin gyara kam bai yi rabin tahiyar na farko ba, bara ma wani ɗan kabu-kabu ya ɗauko ni yana ba ni labarin malamin da ya nuna Annabi, bai san ni ne a bayansa ba, na yi ta yi masa bayani har muka iso.

Sauran abin da na koya ba su da tsawo. In za ka nuna fim mai taɓa addini ka yi magana minti goma da Hausa kafin ka danna, kar ka bar ɗakin ko gurup zai ƙone, ka riƙa tsayarwa kana tambaya, ka gayyato uba ɗaya ko biyu su zauna ciki. Ka raba ƙanana da manya. Duk iznin da babba ya ba ka ka yi masa hoto a waya, kuma ka sa wani abokin aiki ya gani tun kafin ranar wuya.

Abin da ya fi ci mani rai yanzu ma ba albashin sati biyun ba ne, fina-finan da ke cikin tsarin da ba su samu shiga ba ne. Na so 'yan tarminal su ga Wazzou Polygame na namu Umaru Ganda ɗan Nijar, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da ita, labarin Alhajin da ya dawo daga Makka ya sa ido kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani alkawari. A garin Alhazai irin Maradi ina so in ji mi matasa za su ce kan bambancin suna Alhaji da tsoron Allah, ba don a ci mutuncin kowa ba, Ganda ma ba addini ya zaga ba, masu fakewa da shi ya nuna. Na so su ga Shaihu Umar na Adamu Halilu, shi ma 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausarmu, yaro da aka sace aka ƙetare Sahara da shi ya zama malami, da uwar da ta bi sawunsa har ƙarfinta ya ƙare, mu zauna mu tambayi juna ina haƙuri da ƙaddara suka tsaya ina zaluncin mutane ya fara. Yara da yawa sun hita daga lakwal ɗin tun lokacin, mafi yawansu ba su san ƙasarmu ta taɓa yin wani Umaru Ganda ba.

Purojekter ɗin yana nan cikin kabad ɗin da na ba da makullinsa, ƙura ta rufe shi, wanda zai gaje ni in yana so ya neme ni in ba shi fina-finan da bayanan da na rubuta da Hausa kan kowane. Da nake kwashe kaya jiya na ci karo da takardar jikka 3 ɗin nan cikin tsohon kaye, sa hannun bai goge ba. Na riƙe ta na ɗan lokaci a bakin kwandon shara, sannan na ninke ta na sa aljihu.