Tseren minti 45 da ke cinye Lahadi sukutum

Tseren keken da nake shiga ba ya wuce minti 45. In an busa usur da ƙarfe ɗaya na rana, kafin biyu ta yi an gama, kowa ya kifa kai a kan kekensa yana haki. Shi ya sa duk wanda na gaya wa cewa daga Oktoba zuwa Janairu Lahadina ba tawa ba ce, sai ya dube ni sheƙeƙe, a ransa yana cewa wannan dai gudun zumunci ne kawai. Ban ga laifinsa ba, don lissafin da yake yi na tseren ne kaɗai, ni kuwa na dukkan abin da ke kewaye da shi nake yi.

Ina zaune a Gent, a yankin Filandas da ke arewacin Beljiyam, ina aiki a wani rumbun ajiyar kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Wasan da nake magana a kai shi ne saikulokuros, mutanen nan kuros kawai suke cewa. Tseren keke ne na lokacin hunturu, ana zagaya fili mai tsawon kilomita 2.5 zuwa 3.5, a bi ta ciyawa da laka da yashi da tudu, wani wurin matakala, wani wurin katakai da aka gitta waɗanda tsayinsu ba ya wuce santimita 40. Keken kamar na tseren kwalta yake, sai dai tayarsa mai haƙora ce, kuma hukumar kekuna ta duniya, UCI, ta ƙayyade faɗinta kada ya wuce milimita 33. Inda keke ya ƙi tafiya sai ka dire, ka saɓa shi a kafaɗa, ka ruga da shi, ka sake ɗarewa ba tare da ka tsaya ba.

A nan ba ƙaramin wasa ba ne. Da aka yi gasar duniya a Koksijde a 2012, mutane wajen 60,000 ne suka cika tuddan yashin garin, 'yan Beljiyam kuma suka kwashe matsayi na ɗaya har zuwa na bakwai. Ranar Litinin a wurin aiki, hirar zakarun wasan, Wout van Aert ɗan Beljiyam da Mathieu van der Poel ɗan Holan, ake yi wajen shan kofi, musamman bayan da ɗan Holan ɗin ya ci kambinsa na duniya na bakwai a 2025 ya kamo tarihin da Erik De Vlaeminck, tsohon zakara ɗan Beljiyam, ya kafa. Wani abokin aikina ne ya gaji da yi mini bayani, ya ɗauke ni ranar 1 ga Nuwamba, wadda ranar hutu ce, zuwa kallon tseren Koppenberg kusa da Oudenaarde. Daga kallo na sayi keke na hannu, daga nan na yanki lasisin masu yi don sha'awa.

Abin da ya sa wasan ya dace da ma'aikaci shi ne gajartarsa. Mai tseren kwalta yana bukatar awa uku ko huɗu a kan sirdi kafin a ce ya yi atisaye. Mai kuros kuwa abin da yake nema shi ne jiki ya saba da tashi da ƙarfi, a ɗan lafa, a sake tashi, kuma awa guda ta isa a yi wannan. Aikinmu na karɓa-karɓa ne: mako guda daga shida na safe zuwa biyu na rana, mako na gaba daga biyu zuwa goma na dare. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, kafin biyar kuma ta faɗi. Makon safe ina samun ɗan haske bayan na tashi, sai in bi hanyar gefen kogin Schelde da ta nufi Oudenaarde, in ratse cikin wani ɗan kurmi in yi ta sauka da hawa. Makon dare hantsi ne nawa, bayan na kai yara makaranta. Sauran kuwa zuwa aiki da dawowa a kan keke ne, da fitila gaba da baya. Ban taɓa iya bin jadawalin atisaye irin wanda ake samu a intanet ba, don duk an tsara su ne wa mutumin da ke tashi aiki ƙarfe biyar kullum. Nawa jadawalin na mako biyu ne, kuma ranar Laraba da rana ba ta ciki, tunda ranar yaran firamare a nan rabin wuni suke yi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Lahadin ce ba ta da sauƙi.

Tun daren Asabar ake fara ta, da haɗa jaka: kayan tsere, kayan ɗumama jiki, kayan canji, tawul, jarkar ruwa, famfo. Da hantsi a loda keke a mota a nufi wani ƙauye inda manomi ya ba da aron makiyayarsa. A yi rajista, a maƙala lamba, a zagaya filin a gane inda rami yake da inda za a sauka. A nan ne kuma ake ɓata lokaci a kan iskar taya. A farkon zuwana wani dattijo da ke riƙe wa jikansa keke ya zo ya danna tayata da babban yatsa, ya girgiza kai, ya durƙusa ya fara sace iskar ba tare da ya tambaye ni ba. Yana saki yana dannawa, har sai da na ga tayar tana lotsawa in na hau. Ma'aunin iska ya nuna ba ta kai bar 2 ba, ni da na saba bugawa har 5 a kan kwalta. Ya ce da ni taya mai tauri a laka zamewa take, mai laushi ita ke kama ƙasa. Da na shiga kwana ta farko na ji keken ya zauna, na san dattijon ya ba ni abin da kuɗi ba sa saya.

Sabon shiga daga layin baya yake tashi, tunda bisa maki ake jera mutane. Minti biyun farko hargitsi ne, gwiwar hannu da gwiwar hannu, kowa na son shiga kwana kafin a cunkushe. Bayan nan sai ka tsinci kanka da mutum uku ko huɗu da ƙarfinku ya zo ɗaya, kuma su ne abokan tserenka na gaskiya har ƙarshen kakar wasan. Na kan gaba ba ka ganinsu sai sun zo yi maka zagaye. Lakar Filandas kuwa, duk wanda ya taɓa taka kwaɓin ƙasar gini da ƙafa ya san ta: tana riƙe takalmi, tana cika tsakanin taya da ƙarfen keke har wili ya daina juyawa, keken da ka saɓa a zagayen farko ba shi ne nauyin wanda za ka saɓa a na ƙarshe ba.

Sai wanki. Babu wanda ya gaya mini cewa rabin wasan nan wanki ne. A gidan sama muke, ba mu da tsakar gida, don haka a hanyar dawowa nake tsayawa a wurin wankin mota na jefa kwabbai, in fesa wa keken ruwa daga nesa don kada ya shiga boris. In na iso gida, a garejin ƙasa, da bokiti da buroshi da tsumma, a goge sarƙa a sa mata mai, a duba birki, hannu ya ƙage saboda sanyi. Takalma a cusa musu jarida. Kayan sawa kuwa uwargida ta kafa doka tun ranar da ta tarar da yashi a injin wanki: sai an ɗauraye su sau biyu a bokiti kafin su kusanci injinta. Kafin in zauna cin abinci an yi isha'i. Wanda ya bar wankin sai gobe, Talata zai tarar da sarƙa ta yi tsatsa.

A kan wannan ne na yanke shawarar da nake ganin ita ta riƙe mini komai: keke ɗaya zan tsaya a kai. Masu neman matsayi keke biyu suke zuwa da shi. In ɗaya ya cika da laka sai su shiga wurin canji su karɓi wankakke, a wanke wancan kafin su zagayo. To amma keke na biyu ba ya wanke kansa. Sai an sami mutum ya tsaya cikin ruwan sanyi da injin feshi, ya ba da Lahadinsa kamar yadda ka ba da taka. 'Yan ƙasar suna da uba ko ƙane ko mata da suka tashi cikin abin, a wurinsu fita ce ta iyali. Ni wa zan ɗora wa? Na lura duk wani mataki na gaba a wasan nan da lokacin wani ake biyansa: abokin aikin da zai karɓar maka Asabar, matar da za ta wuni da yara ita kaɗai, abokin da zai riƙe keke. Ranar da laka ta yi yawa ina rasa matsayi biyar ko shida saboda rashin canji, wata rana ma laka ta karya mini maratayin giyar baya ta keken na ƙarasa a ƙafa. Na yarda da wannan farashin.

Kuɗi ma haka. Rajistar tsere ba ta da tsada, abin da ke ci shi ne sarƙa da birki da boris da laka ke cinyewa, ga man mota. Mutumin da ake jiran saƙonsa a gida duk ƙarshen wata ba zai iya sayen wili na yuro dubu ya kwana lafiya ba. A Beljiyam ana biyan ma'aikaci alawus a kan kowace kilomita da ya yi da keke zuwa aiki, a 2024 har santi 35 ba a cire masa haraji. Wannan kuɗin na ware wa keken. In ya ƙare, keken ya jira.

Inda abin ya fi nauyi shi ne wajen 'yan uwa. Hausawan da ke Gent da Antwerp da Brussels ba mu da yawa, kuma kusan kowa Lahadi kaɗai yake da ita. Walimar suna, zaman gaisuwa in an yi wa wani rasuwa a gida, taron asusun taimakon juna, duk ranar ake sa su. Wani dattijonmu ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce, "Malam, an ce yanzu kai da keke kuke zumunci." Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji, ai ina nan." Ya ce, "Kana nan a waya." Dariya aka yi, amma maganar ta shiga. Bayanin cewa motsa jiki ne ba ya gamsar da kowa, don a idonsu magidanci da 'ya'ya ya je yana birgima a laka ba don kuɗi ba, abu ne da ke neman addu'a. Na daina bayani. Abin da nake yi yanzu, rasuwa da suna suna gaba da kowane tsere, ko na riga na biya rajista. Taron wata-wata kuma na roƙa a riƙa sanar da ranarsa da wuri don in kauce mata. Na kuma ɗauki biyu daga cikinsu zuwa kallon ƙwararru a Zonhoven, inda ake gangarawa cikin wani ƙaton ramin yashi mutum ya wuntsila a gaban dubban jama'a. Ɗayansu bai sake zuwa ba, ya ce sanyi da warin barasa sun ishe shi. Ɗayan yanzu shi ke turo mini sakamako kafin in gani.

Su ma abokan kuros akwai iyakar da zumuncinmu ke tsayawa. Bayan tsere tanti ake shiga a sha barasa, ni kuwa nakan tsaya in ci soyayyen dankali in sha kofi in kama hanya. Sallah ma sai da dabara, don a Disamba azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu suke faɗowa, daidai lokacin tseren. Ina zuwa da ruwan ɗumi a fulas don alwala, in canza kaya, in shimfiɗa darduma a gefen mota. Akwai wani da muke yawan yin fakin kusa da juna, in ya ga na shimfiɗa sai ya kashe injin feshinsa har in sallame. Ban taɓa roƙonsa ba, kuma ba mu taɓa yin maganar ba.

A gida, cikin Satumba ake zama da kalanda. Uwargida ta ce, "Abban yara, ba hana ka zan yi ba, amma in san ranakun tun yanzu." Muka tsaya a kan Lahadi biyu a wata, ba a jere ba, kuma a filayen da ba su wuce tafiyar awa guda ba. Tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da ƙwararru ke tsere kusan kullum, daga Diegem da dare zuwa Baal ranar 1 ga Janairu a tseren da aka sa wa sunan tsohon zakaran kuros Sven Nys, masu sha'awa ma suna samun tsere da yawa. Ni a makon nan ba na shiga ko ɗaya, yara na hutu, a talabijin muke kallo tare. Ina kuma kauce wa tseren da zai faɗo kafin makon safe in da hali, don tashi ƙarfe huɗu da rabi da cinyoyin da suka yi tsami, a je a wuni ana ɗaga kaya, zalunci ne ga wanda kuke aiki tare.

Akwai lissafin da ke tafe wanda abokan tserena ba su da shi. Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, bayan an rufe kaka. Na 2026 a tsakiyar Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma sha ɗaya, ta yadda zuwa 2030 a farkon Janairu zai kama, tsakiyar kakar kuros. Yinin hunturu gajere ne, kuma a tseren minti 45 dama ba mai shan ruwa, don haka jiki zai iya. Amma a haɗa tarawihi da sahur da aikin shida na safe da wankin keke, wani abu sai ya faɗi. Na riga na gaya wa uwargida da abokan kulob cewa kakata za ta riƙa ƙarewa ne da ƙarshen Sha'aban, in fara ta da wuri a Satumba, lokacin da filaye ke bushe kuma keke ɗaya ya isa.