Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da na shiga gidan ibadar 'yan Buda a Guanzu

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Satin da ya wuce mun tsaya inda kamfanin ya ɗaga mana lodin kwantena, to zaman otal a unguwar Xiaobei da ke birnin Guanzu na ƙasar Chana ya ishe ni, sai tafintanmu, wani Musulmi ɗan Chana, ya ce in zo ya kai ni Liurong, wani tsohon gidan ibadar 'yan Buda. Na shiga na ce Alhaji zan ɗan fita ganin gari, maigidana ya ce "je ka yaro, amma kallo kawai, kar ka rusuna wa komai." Na ce in sha Allahu Alhaji.

Tun daga bakin ƙofa hayaƙin turaren tsinke ya tare mu, kuma gaskiya gabana ya faɗi don ni ban taɓa ganin gunki ido da ido ba sai a talabijin. A babban ɗakin akwai guda uku na tagulla a zaune, kowanne tsayinsa mita 6, tun 1663 aka zuba su, an jera musu lemo da tuffa da furanni a gaba. Daga bakin ƙofa na tsaya. Wata tsohuwa ce ta fi tsaya min a rai, ta riƙe tsinken turare uku da hannu biyu a goshinta, hannun na rawa, bakinta na motsi hawaye na zuba, wallahi sai tausayinta ya kama ni na yi mata addu'ar shiriya a zuciyata.

Shi wurin asalinsa tun shekarar 537 aka gina shi, kafin haihuwar Manzon Allah (SAW) ke nan fa. Gobara ta taɓa cinye shi aka sake ginawa, hasumiyar da ke tsakiya kuma a 1097 aka sake tada ta, kusurwa takwas gare ta, tsayinta ya haura mita 57, in ka ƙirga daga waje hawa 9 za ka gani amma ta ciki 17 ce, rufin kowane hawa ya lanƙwasa sama kamar fure shi ya sa suke ce mata hasumiyar fure. Na daɗe ina ɗaga kai har wuyana ya ƙage.

Abin da ya dame ni shi ne yadda suke riƙon kayan tarihinsu, ko takardar alawa babu a ƙasa, malamansu masu aski ƙwal suna ta kai da komo ba hayaniya, sai na tuna badalarmu ta Kano yadda ake yankarta ana gina shaguna, raina ya ɓaci sosai.

Azahar ta kawo jiki, tafinta ya ce ai masallacin Huaisheng na nan kusa ko mota ba ma buƙata, yana cikin mafi daɗewa a duk Chana. Labarin sallar da na yi a can da dattijon da ya riƙe hannuna sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.