Takalmin sefti mai ƙarfe a baki: inda ya yi mini rana a Legas da inda ya zame mini kaya

Aikina kula da lodi da saukale ne tsakanin tashar jiragen ruwa ta Apapa da kasuwar Mile 12, wani lokaci kuma in bi kaya zuwa Arewa. Takalmin sefti, wato na kare ƙafa daga rauni, na zama dole a wurin aiki, sai na ɗauka zai yi mini a ko'ina, har tafiya da yawon buɗe ido. Abin da na gani ya sha bamban.

A filin lodi ba shi da na biyu. Idan ka ɗaga harshen takalmin kirki za ka ga an buga EN ISO 20345. Ma'anarsa ƙarfen bakin zai jure bugun abu mai kilo 20 da ya faɗo daga tsayin kusan mita ɗaya, ya kuma jure dannin kusan tan ɗaya da rabi. Buhun albasa, katakon ɗora kaya, bakin ƙofar kwantena, tayar baro, duk sun sauka a ƙafata na tashi lafiya. Masu cewa ƙarfen zai lanƙwashe ya guntule yatsu su sani nauyin da zai lanƙwasa shi, da ƙafar banza ya samu, niƙe ta zai yi. Sai dai ƙarfen yatsu kawai yake karewa, shi ma ƙaramin yatsa sau da yawa a gefe yake. Gadon ƙafa a buɗe yake.

Ga mazaunin Legas, harafin da ke bayan lambar ya fi komai. S1 na busasshen wuri ne, S1P yana da faranti a tafi mai hana ƙusa hudawa, S3 kuma ya haɗa wannan farantin da fata mai jinkirta shigar ruwa da tafi mai manyan haƙora. Wanda ke shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ko wurin 'yan gwangwan, inda ƙusa da guntun rodi ke kwance cikin caɓi, ya nemi S3. Jinkirtawa na ce: ruwan Yuni da ke kai ƙauri ta sama zai zubo ciki.

A hanya ne matsala take farawa. Tafiyar Legas zuwa Kano ta kai kimanin kilomita 1,000, kuma doguwar zama tana kumbura ƙafa. Fata tana saki, ƙarfe kuwa ba ya saki ko da ka shekara kana sawa, don haka gefensa yake datse gindin babban yatsa da na ƙarami har su yi bororo. Yanzu a jaka nake saka shi, in cusa safa da caja a ciki don kada ya ci wuri a banza, in sa silifas ko kambas. A filin jirgin Murtala Muhammed kuwa na'urar bincike tana yin ƙara, sai ka cire ka ɗora a tire, mutane na jiranka a layi. Ga direba ma, kaurin tafin yana rage jin birki da totur.

Yawon ƙafa ya fi muni. Gangara ce ke tona asirinsa: idan kana saukowa daga Dutsen Olumo a Abeokuta, ƙafa tana zamewa gaba, farce yana bugun ƙarfe a kowane taku, daga baya ya yi baƙi. Cikin yashin bakin teku kuma nauyinsa ke cinye cinya. Ga zafi. Ƙarfe yana ɗaukar rana, gumi ba ya fita, ka zo ka yi alwala ka mayar da ƙafa da laima, kafin mako tsakanin yatsu ya fara farfashewa da ƙaiƙayi. Ina yawo da ƙaramin tawul da safa ta biyu, kuma na koma sayen mai zif a gefe, domin kwance igiya sau biyar a rana yana sa mutum ya riƙa barinta sakwa-sakwa, wanda shi ke jawo gurɗewa.

Wajen saye, ka je da yamma lokacin da ƙafa ta buɗe, da safar da za ka riƙa sawa. Ƙarfen ba zai bari ka latsa ka ji yatsa ba, don haka ka zaro shimfiɗar ciki ka taka ta a ƙasa: a samu sarari kamar santimita 1 zuwa 1.5 gaban yatsa mafi tsawo. Sannan ka tsuguna da shi, idan bakin ƙarfen ya soki saman yatsu, ajiye shi.

Na gwanjo a kasuwar Katangua ko ta Yaba yana da araha, amma a yi hattara da tafin. Yawancinsu da roba mai suna PU aka yi shi, wadda laima ke ruɓar da ita in ta daɗe a ajiye, kuma iskar Legas laima ce zalla. Takalmi zai yi kyau a ido, kwana kaɗan tafin ya ɓare yana marmashewa. Ka lanƙwasa shi da ƙarfi, ka danna farce. In ya tsage ko ya yi danƙo, babu shumekan da zai ɗinke shi. Ka kuma shafa bakin daga ciki, mai lotsawa ya riga ya sha bugu, ba zai sake kare ka kamar da ba.

In ya jiƙe, cire shimfiɗar, cusa tsohuwar jarida, canza ta in ta sha ruwa, ka bar shi a inuwa gaban fanka. Rana ko zafin janareta na busar da fata ta tsage, gam ya saki. Ruwan gishiri kuwa a ɗauraye shi da ruwan famfo a ranar, in ba haka ba ƙarfen ya yi tsatsa daga inda fatar baki ta goge.

Wanda ke son takalmi ɗaya na aiki da tafiya ya nemi mai bakin kwamfozit. Ba ƙarfe ba ne, ƙa'idar ƙarfinsu ɗaya, ya fi sauƙin nauyi, ba ya ɗaukar zafi, sai dai bakinsa ya fi kauri kuma ya fi tsada. Ka tambayi mai shago ko farantin tafin ma ba na ƙarfe ba ne, domin in na ƙarfe ne na'urar filin jirgi za ta yi ƙara.