Bel mai gaɓoɓi a kan injinan katakon gidana: inda ya yi amfani da inda bai yi ba

Injin kafinta na kasuwa da injin da mutum ya ajiye a gida ba ciwo ɗaya suke yi ba. Na 'yan Panteka a Kaduna, muddin akwai wuta, yini yake yana juyawa, bel ɗinsa lalacewar aiki yake yi. Nawa kuwa zama ne yake kashe shi. Sai ƙarshen mako nake shiga rumfar da ke bayan gida, wani makon ma babu wuta. Bel ɗin roba mai siffar V, wanda muke kira fambel, idan ya daɗe a ɗaure a wuri guda, ga zafin kwano a bazara, sai ya sandare da lanƙwasar fulin da ya kwanta a kai, wato faifan da bel ke hawa yana juyawa. Ka kunna inji, duk zagayen da wannan lanƙwasa za ta yi sai ta doki fuli.

A injin zarto na tebur abin ya fi damuna. Irin wanda motonsa ke rataye a baya ne, nauyin moton shi ke ja wa bel ɗin ƙarfi. Moto mai juyi wajen 2,850 a minti, yana tsalle a kan maratayinsa, tebur na rawa, fensir na tafiya da kansa har ya faɗi. A jikin katako ake ganin sakamakon: ka tsaga madaci, gefen ya fito da zanen haƙoran zarto, sai ka koma gugar da ba ta da dalili.

Abin da na sa a madadinsa shi ne bel mai gaɓoɓi. Ƙananan ɓangarori ne na roba mai tauri da ake kira foliyuretan, an ƙarfafa su da zaren foliyesta, kowace gaɓa tana da harshe da ake zurawa ta ramin 'yan'uwanta a murɗa, ta kulle. Masu aikin katako a gida a Amurka sun daɗe da saninsa. Akwai ja na kamfanin Fenner Drives mai suna PowerTwist, akwai kore mai suna Accu-Link. Da ma'aunin ƙafa ake sayar da shi, kai za ka yanke wa kanka tsawo. Faɗi kawai za ka kula da shi: mai lamba A ko 4L rabin inci ne, milimita 13, shi ne a yawancin injinan gida, mai lamba B ko 5L ya kai milimita 17, 3L kuma na ƙananan injina ne. Ni ta hannun wani ɗan'uwa na samu, domin a shagunan kayan inji da na leƙa na roba ne ya cika ko'ina.

Haɗa shi aikin yatsu ne, kuma yatsun za su ji a jikinsu. Na zare wayar inji daga soket tukuna. Na naɗa bel ɗin a kan fulin biyu na ja da hannu, na ga inda bakin ya haɗu, na cire ragowar. Umarnin da ke zuwa da shi ya ce a ƙara cire gaɓa ɗaya a cikin kowace 24, saboda sabon bel yana miƙewa. Idan aka juya cikinsa waje, harsunan sun fi sauƙin murɗawa, filaya mai dogon baki kuma tana taimako. Akwai kibiya da aka buga a bayan wasu gaɓoɓin, ita ke nuna inda zai juya. A bi ta. Bayan ya yi aiki na ɗan lokaci ya ɗan saki, na sake cire gaɓa ɗaya, tun daga nan bai ƙara motsi ba. A irin injina akwai ƙarin abin dubawa: a karkatar da zarto zuwa digiri 45 a tabbatar moton bai taɓa komai ba, kuma yana rataye a kan bel ne, bai sauka ya zauna a ƙarshen maratayinsa ba.

Amurkawa suna gwada natsuwar inji da tsayar da kwabon senti 5 a gefensa a kan tebur. Na gwada da tsohon kwabon naira ɗaya. Da, kafin zarto ya kai gudunsa ya faɗi. Yanzu yana tsaye har a kashe inji. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: gaɓoɓin kowace tana lanƙwasa da kanta, don haka babu dogon jikin roba da zai riƙe siffa, kuma ɗan motsin da moto ke yi ba ya isa ga sandar zarto gaba ɗaya. Yana da tasa ƙarar, wani siririn shuu na iska, amma gurnanin nan ya tafi.

Inda ya fi burge ni ma ba zarton ba ne. Ina da tsohon injin sassaƙa mai juya katako, wanda nake fitar da ƙafafun kujera da shi. Bel ɗinsa a tsakanin boris biyu yake, wato zobban ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsu, kafin ka sa sabo na roba sai ka kwance sandar gaba ɗaya, ka buge boris, ka mayar, kana addu'ar kada saitin ya gurɓace. Da mai gaɓoɓi, zura shi kawai na yi ta bayan sandar na kulle. Ko don wannan kaɗai ya biya kuɗinsa.

Sai dai na ga inda ya tsaya. Na sa ragowar a injin huda na tsaye, rawar ba ta ragu ba ko kaɗan. Da na cire bel na kunna moto shi kaɗai, shiru. Na juya fulin gaba da hannu, sai ga shi yana tangaɗi, a karkace yake. Bel ba ya gyara fulin da ya lanƙwashe, ko boris da ya ci, ko fuli biyu da ba sa kan layi ɗaya. Wannan gwajin shi ya kamata kowa ya fara yi kafin ya fitar da kuɗi: moto shi kaɗai, sannan juyi da hannu, sannan miƙaƙƙen ƙarfe a jikin fulin biyu. Haka kuma ba ya hawa fuli mai ƙananan layuka da yawa irin na sababbin injinan fere katako, ba ya son fuli ƙarami ainun, kuma bai dace da inda wata taya ke danna bel ta baya ba.

Tsada kam yana da ita, ya ninka na roba sau da yawa. Wani kafinta dattijo da nake zuwa neman shawara wurinsa ya ɗaga shi ya duba ya ce, "Malam, wannan na masu injin hutu ne." Gaskiya ya faɗa, kuma ban ga laifinsa ba, wanda injinsa ke aiki kullum, bel mai kyau na roba ya ishe shi, musamman mai haƙora ta ciki, wanda lambarsa ke farawa da AX, domin shi ma ba ya saurin sandarewa. Shi na saya wa injin hudar bayan na canza fulin. Zarton da injin sassaƙa kuwa na bar su da mai gaɓoɓi, na kuma ajiye gaɓoɓin da suka rage a gwangwani kusa da sifanu, saboda idan ɗaya ta yage ita kaɗai za a cire a maye gurbinta.